Pandit Pran Nath: malaminsu ɗaya da Mohammed Rafi, amma kowa da inda ya nufa

Yau ba sabon fim na kawo muku ba, kuma babu ruwana da rigimar mawaƙan da ake ta yi a TikTok. Labarin wani tsoho ɗan Indiya na zo da shi, wanda ya rasu tun 1996, ni ko haifata ba a yi ba. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunansa ba, don ni ma bara war haka ban san shi ba. Amma in na ce Mohammed Rafi, ai ko kakata ta san shi. To wannan tsohon, Pandit Pran Nath, malaminsu ɗaya da Rafi. Rafi ya tafi Bombay ya zama muryar silima. Shi kuwa ya zauna yana jan sauti ɗaya a hankali har mutanen ƙasarsa suka ƙosa, ƙarshe sai a Amurka ya samu masu haƙurin saurarensa. Kuma ta hannun waɗancan almajiran nasa ne numfashinsa ya kai ga wani irin kiɗa mai ƙarar tsiya da na kamu da sonsa.

Bari in fara da yadda na faɗa wannan rami. Wani dare ne cikin zafin bazara, an ɗauke wuta, barci ya ƙi zuwa, janaretan maƙwabcinmu sai ruri yake. Ina ta yawo a YouTube da ɗan ragowar datata, sai na ci karo da wasu Amurkawa da ake kira Sunn O))). Haka ake rubuta sunan, sun aro shi ne daga wani kamfanin amfilifaya. Mutane ne cikin dogayen riguna masu hula kamar alkyabba, hayaƙi ya cika dandamali, bayansu an jera lasifikoki kamar katanga. Ɗaya ya ɗaga hannu a hankali, ya doki jita sau ɗaya. Sau ɗaya fa! Sai ƙarar ta tsaya a iska ta ƙi mutuwa, tana ta kugi. Ba ganga, ba amshi, ba abin takawa. Na yi dariya har na tura wa wani abokina, da safe ya ce min in dai wannan ne kiɗa, to mai injin markaɗen layinmu ya daɗe da zama tauraro.

Amma abin ya tsaya min a rai. Washegari na sake maƙala iyafis, na ce bari in ga gudun ruwansu. Wajen minti goma sai na fara jin abin da ban ji jiya ba. Ashe ƙarar ba a tsaye take ba, tana lilo, tana kumbura tana sacewa, kuma can samanta akwai wasu siraran muryoyi da ba wanda ya kaɗa su. Turawa na ce wa wannan kiɗa diron, ba jirgin nan da ake ɗaukar hoton biki da shi ba, kalmar tana nufin irin zuuu ɗin ƙudan zuma. Ni dai dogon amo nake ce masa. Yana da ɗan'uwa, rok na hayaniya, inda ake sakin jitar lantarki ta yi ta kururuwa, irin kukan nan da lasifika ke yi in an kai makirfo kusa da ita a wajen biki, sai dai su da gangan suke yi.

Daga nan na shiga bin salsala, wa ya koya wa wa. Ina ja da baya, daga Seattle zuwa New York, daga shekarun 1990 zuwa na 1970, sai na riƙa cin karo da hoton mutum ɗaya: wani dattijo mai farin gemu zaune a ƙasa, Turawa sun kewaye shi kamar 'yan makarantar allo.

An haifi Pran Nath ranar 3 ga Nuwamba 1918 a birnin Lahore, wanda a lokacin yana cikin Indiya ƙarƙashin Turawan Ingila, yanzu kuwa yana Pakistan. Gidansu masu hali ne, mabiya addinin Hindu, kuma gida ne na son waƙa, ana gayyato mawaƙa su zo su rera da dare. Yaro ya tashi yana jin wannan, sai ya ce shi ma abin da zai yi ke nan. Nan fa aka ce ba a san zancen ba. Wannan kam ba sai na yi muku dogon bayani ba, don mu ma haka muke: a kira makaɗi gida a yi masa liƙi, amma ɗan gida ya ce zai ɗauki kalangu, sai a tara dangi. Yana ɗan shekara 13 ya bar gidan, ya bar daula, ya tafi wajen wani mawaƙi Musulmi, Ustaz Abdul Wahid Khan.

A Indiya waƙar gargajiya gida-gida ce, kamar yadda muke da gidajen da suka gaji kiɗan fada. Suna ce wa irin wannan gida gharana, kowanne da salonsa, ana miƙa shi baki da baki daga malami zuwa almajiri. Abdul Wahid Khan ɗan gidan Kirana ne, sunan da aka samo daga garin Kairana na jihar Uttar Pradesh. Shi da ɗan'uwansa Abdul Karim Khan su ne manyan ginshiƙan gidan. Abdul Karim ya yi suna, ya yi fayafayi, ya zaga ƙasa. Abdul Wahid kuwa mutum ne mai gudun jama'a, mai bin tafarkin Sufaye, ga shi kunnensa da nauyi har ana yi masa laƙabi da kurma. Bai yarda a naɗi muryarsa ba. Ɗan abin da ya rage na muryarsa a duniya yau, wani ma'aikacin gidan rediyo mai suna Jiwan Lal Mattoo ne ya naɗa a ɓoye, raga uku kacal.

Na ce raga, kada wani ya ɗauka ta ƙwallo nake nufi. Duk mai kallon fim ɗin Indiya ya san sa re ga ma, matakan muryar nan da ake koya wa yarinya in malamin waƙa ya zo gida. To raga zaɓi ne daga cikin matakan, da dokar yadda za a hau su, yadda za a sauko, wanne za a daɗe a kai, wanne za a shafa kawai a wuce. Kowace raga da yanayinta, kuma da lokacinta: akwai ta asuba, akwai ta la'asar sakaliya, akwai wadda ba a taɓa ta sai dare ya raba. Ragogin suna da yawa ƙwarai, amma Abdul Wahid Khan an san shi da naci a kan guda biyu, Todi ta safe da Darbari ta dare, yana maimaita su shekara da shekaru. Ga shi da jan abu. Akwai shimfiɗar da ake fara waƙa da ita, alap, inda mawaƙi ke gabatar da matakan ɗaya bayan ɗaya kafin a shiga gudu. Wasu mawaƙan sukan yi ta a gurguje. A wajensa nan ne gidan, sauran duk rakiya ce.

Wajen wannan mutum ɗan masu kuɗi ya tare. Shekara kusan bakwai yana hidimar gida kamar bara kafin a karɓe shi a matsayin almajiri na sosai, kuma gaba ɗaya ya yi kusan shekara 20 tare da shi. A nan gaskiya zuciyata biyu take. Mun sha ganin yadda ake cutar yara da sunan koyon sana'a, ko a masana'antarmu ta fim akwai masu ɗaukar jakar oga shekara da shekaru ba a taɓa ba su ko fitowa ɗaya ba, don haka ba zan zauna ina yi wa wahala kirari ba. Sai dai kuma in ka duba, yaron nan duk tsawon shekarun yana gidan da ake rera raga biyu safe da dare. Kafin a ce masa buɗe baki, kunnensa ya riga ya jiƙu. A 1937 ya fara waƙa a gidan rediyon ƙasa, All India Radio.

A wannan Lahore ɗin dai wani yaro ya taso, ƙanin bayansa da shekara shida. An haifi Mohammed Rafi a 1924 a wani ƙauye kusa da Amritsar, iyayensa suka koma Lahore, kuma cikin malaman da suka koya masa waƙar gargajiya akwai Abdul Wahid Khan, akwai ma shi Mattoo ɗin da ya saci naɗin. A 1944 Rafi ya tafi Bombay. Sauran labarin kun fi ni sani. Abin da nake so ku riƙe shi ne fim ɗin Baiju Bawra na 1952, wanda Naushad ya yi wa kiɗa. A ciki Rafi ya rera wata waƙa a kan raga Darbari, wata kuma a kan raga Malkauns. Ku riƙe sunan Malkauns ɗin nan, za mu dawo kanta.

Shi kuwa Pran Nath wata hanyar ya bi. Almajiransa suna ba da labarin cewa ya yi shekara biyar a wani kogo kusa da wurin bautar Tapkeshwar a yankin Dehradun, gindin duwatsun Himalaya, ya bar duniya irin yadda masu zuhudun addininsu ke yi, yana rera waƙarsa ba don kowa ya ji ba. Malaminsa ne ya nemi ya dawo cikin mutane, ya yi aure, ya koyar, don kada salon gidan ya bi su kabari. Ku tuna kuma wane zamani ake ciki. A 1947 aka raba Indiya da Pakistan, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, aka yi kashe-kashe tsakanin Musulmi da Hindu da Sikh, kuma Lahore na cikin inda abin ya fi muni. A irin wannan lokaci ga Hindu yana riƙe da amanar malaminsa Musulmi. Abdul Wahid Khan ya rasu a 1949 a Saharanpur. Pran Nath ya zauna a Delhi, garin haihuwarsa ya koma wata ƙasa.

A Delhi abin bai yi armashi ba. Zamani ya canza, waƙa ta bar zauren sarakuna ta koma manyan ɗakunan taro da rediyo da faifai, kuma tsohon faifan garmaho minti uku da ɗoriya kawai yake ɗauka a kowane gefe. Masu sayen tikiti suna son a yi gudu da murya, a hau a sauko kamar walƙiya su yi tafi. Ko a gidan Kirana akwai waɗanda suka iya haɗa natsuwar da gudun suka zama taurari, irin su Bhimsen Joshi. Pran Nath ya ƙi. Ya tsaya kan salon malaminsa, murya can ƙasa, tafiyar hawainiya, ba ado. Sai ya zama ana girmama shi amma ba a cika kiran sa ba. Da koyarwa ya riƙe gida, ya yi aiki a Jami'ar Delhi daga 1960 zuwa 1970. Mutum ya haura shekara 50, ya ba da ƙuruciyarsa kaf ga abu ɗaya, kuma kasuwa ta ce ba ta so.

Yanzu sai mu tsallaka teku, don a can ma akwai wani mai irin wannan ciwon. La Monte Young Ba'amurke ne, an haife shi a 1935 a wani ɗan ƙauye a jihar Idaho, cikin gidan katako. Sautukan da suka fara kama shi yana yaro su ne iskar da ke shigowa ta tsakanin katakan, da zuuu ɗin taransifoma da turakun waya. Da ya girma ya yi karatun kiɗa, sai ya riƙa rubuta abin da ke ɗaure wa malamansa kai. A 1960 ya rubuta wani kiɗa da duk abin da ke cikinsa sauti biyu ne, da umarnin a riƙe su a daɗe. A New York ya haɗa wata ƙungiya, Theatre of Eternal Music, da matarsa Marian Zazeela, da Tony Conrad mai gogen Turawa, da wani ɗan Wales mai suna John Cale. Sukan yi sa'o'i suna riƙe da sauti kaɗan, da ƙara sosai. Har da kugin ɗan injin da ke cikin tankin kunkurunsu suka riƙa saita kayan kiɗansu a kai. Da na karanta wannan sai na ji na daina jin kunyar janaretan maƙwabcinmu.

A nan sai in yi gaskiya, don na ga wasu suna haɗe labarin. John Cale ya haɗu da Lou Reed suka kafa Velvet Underground, suka fitar da kundinsu na farko a 1967, inda ake jin gogen Cale yana ta kugi a ƙarƙashin waƙoƙin rok. Na biyunsu a 1968 yana ɗauke da Sister Ray, minti 17 na hayaniya tsagwaronta. Yawancin masu rok na hayaniya daga nan suka sha. To duk wannan ya faru kafin Pran Nath ya taka Amurka, saboda haka ba shi ya ƙirƙiro abin ba. Young ɗin ma tun shekarun 1950 ya ji faifan Ali Akbar Khan ya kamu da son kugin da ke bayan kiɗan Indiya. Turawan nan sun riga sun tono rijiyar, abin da ba su da shi shi ne wanda ya san zurfinta.

A 1967 wani almajirin Pran Nath, Shyam Bhatnagar, ya kunna wa Young da Zazeela naɗin muryarsa. A farkon 1970 suka taimaka ya iso New York, suka zama almajiransa irin na gargajiya, da hidima da tashin asuba da komai, kuma ba su rabu da shi ba shekara 26 har ya rasu. A shekarar ne Terry Riley ya bi sahu, shi da ya riga ya yi suna da kiɗansa In C na 1964. Ku duba fa, waɗannan ba yara ba ne, mutane ne da duniyar kiɗan Turai ta fara yi musu kallon jagorori, suka naɗe ƙafa a ƙasa suna maimaita sa daga farko. A 1972 ya kafa cibiyar koyar da waƙar Kirana a New York, kuma daga 1973 zuwa 1984 yana koyarwa a kwalejin Mills da ke Oakland a Kalifoniya.

Me ya koya musu da ba su sani ba? Sai an fara da tambura. Ita ce doguwar abar kiɗan nan mai gindin duma da kuke gani a fim a hannun wanda ke zaune bayan mawaƙi. Yawanci tsirkiya huɗu gare ta, ba a kiɗa waƙa da ita, shafa tsirkiyoyin kawai ake yi ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. Sirrinta wani ɗan zare ne da ake cusawa tsakanin tsirkiya da jakin da ta hau kai. Zaren nan ke sa ta yi zizar da ke fito da ƙananan muryoyin da ke ɓoye cikin kowane sauti. Don ashe duk tsirkiyar da aka kaɗa ba murya ɗaya take fitarwa ba, akwai uwa a ƙasa, akwai 'ya'ya a samanta, kunne ne kawai ke haɗe su. Siraran muryoyin da na ji a saman jitar Sunn O))) su ne waɗannan 'ya'yan.

Aikin mawaƙi irin Pran Nath shi ne ya ɗora muryarsa daidai kan ɗaya daga cikinsu, daidai ba kusa ba. Ga yadda za ku gane. In janareta biyu suna aiki kusa da juna, gudunsu ya kusa zama ɗaya amma bai zama ba, za ka ji ƙarar tana wani wau-wau-wau. Haka sauti biyu ke yi in sun kusa haɗuwa. Suna ƙara matsowa lilon yana raguwa, in suka haɗu cif sai ya ɗauke, wurin ya yi tsit duk da ana ƙara. Wannan tsit ɗin shi dattijon ya yi rayuwarsa yana nema. Sannan tsakanin mataki da mataki ba tsalle yake yi ba, zamewa yake a hankali kamar mai saukowa gangare da tulu a ka. Shi ya sa ɗan gajeren fim ɗin da William Farley ya yi a kansa a 1986 aka sa masa suna In Between the Notes, wato abin da ke tsakanin sautuka. Kuma bai yarda a rera raga ba a lokacinta ba. A Paris a 1972 sai da aka raba wasansa zama-zama a lokuta daban na yini don kowace raga ta faɗo a sa'arta, Young da Zazeela na kan tambura, Riley na kan tabla.

Almajiran sun yi yawa, kowa ya ɗebi abin da ya ɗiba. Jon Hassell ya mayar da zamiyar muryar cikin begilarsa, har ya yi aiki da Brian Eno da Talking Heads. Charlemagne Palestine ya riƙa dukan fiyano ba ƙaƙƙautawa har 'ya'yan sautin su taru su yi gajimare. Amma wanda ya fi shafar zancenmu shi ne Rhys Chatham, ɗan New York, wanda sana'arsa ta farko saita fiyano ce, ya zauna da Young, ya kuma yi karatu wajen Pran Nath. A 1976 ya je wani kulob da ake kira CBGB ya ga Ramones, 'yan rok masu kiɗa da gudu da ƙara kamar ana kora su. Sai ya ga ai jitar lantarki in aka ƙure ta, tambura ce mai haushi. A 1977 ya yi Guitar Trio: jita uku suna ta dukan kusan abu ɗaya, kai kuma kana sauraren abin da ke tashi a sama. Cikin waɗanda suka kaɗa shi tare da shi akwai Glenn Branca, wanda daga baya ya riƙa tara jitoci rututu. Cikin yaran Branca akwai Thurston Moore da Lee Ranaldo, waɗanda suka kafa Sonic Youth a 1981 tare da Kim Gordon, suna cusa sukundireba da sandar ganga ƙarƙashin tsirkiya. Sonic Youth ɗin nan su suka ja Nirvana zuwa babban kamfani, eh, Nirvanan da kuke gani a rigunan gwanjo. Aminin Kurt Cobain na Nirvana kuma, Dylan Carlson, wanda shi ma bai ɓoye tasirin La Monte Young a kansa ba, shi ya fitar da Earth 2 a 1993, kiɗa uku kacal cikin sama da minti 70. Su kuma Sunn O))) da suka hana ni barci, don girmama Earth suka fara a 1998.

A ganina da za a zaunar da dattijon gaban lasifikokin nan da tashi zai yi ya bar wurin. Mutumin da ke neman tsit, ina shi ina hayaƙi da kururuwa? Kuma cikin masu wannan kiɗan akwai 'yan cika baki da yawa, waɗanda ba su iya komai ba sai murɗa ƙara, ba zan ɓoye muku ba. Amma na kirkinsu, in ka saurara, kunnen da suke nema a wajenka shi ne wanda ya koyar: ka daina jiran amshi, ka shiga cikin sautin da ke gabanka.

Mu kuma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Ku tuna mai algaita ranar hawan salla, kumatu a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana hurawa ta baki a lokaci guda, sautin ba ya yankewa. Ku tuna zizar goge da kukuma, da ƙarafan da ake ɗaura wa garaya don ta yi kaushi. Kunnen kakanninmu ya san daɗin sauti mai tsawo da mai ƙura. Mu ne dai muka saba da waƙar da in ba ta kama mu cikin daƙiƙa 15 ba sai mu shafa waya mu wuce. Ni kaina haka nake, har yanzu wani lokaci sai na kife wayar na tura ta ƙarƙashin filo kafin in iya kai ƙarshen kiɗa ɗaya. Wanda zai gwada na masu jitar, don Allah ya rage ƙara in da iyafis ne. Masu zuwa kallonsu ma toshe kunne suke sakawa, kuma kunne in ya lalace ba ya gyaruwa.

A 1978 Pran Nath ya samu bugun zuciya, daga baya ciwon karkarwar jiki na Parkinson ya kama shi. Bai daina koyarwa ba. A 1993 an ji muryarsa ta tsufa a wani kundi na Kronos Quartet mai suna Short Stories. Ya rasu ranar 13 ga Yuni 1996 a Berkeley, Kalifoniya, yana da shekara 77, nesa da Lahore. Kamar malaminsa, bai bar naɗi da yawa ba. Akwai Earth Groove na 1968, akwai Ragas of Morning and Night da ya fito a 1986. Bayan rasuwarsa Young da Zazeela suka fitar da wani faifai da suka sa wa sunan tamburansa, sama da awa ɗaya, babu komai ciki sai tambura biyu. Rafi kuwa, da ya riga shi rasuwa tun 1980, waƙoƙinsa dubbai ne.

Wanda na fi so shi ne Midnight, da ya fito a 2002. Faifai biyu ne, duka raga ɗaya, Malkauns, ɗaya an naɗa a San Francisco a 1971, ɗayan a New York a 1976, kowanne ya haura minti 40. Malkauns matakai biyar kawai gare ta, babu re babu pa, kuma ta tsakar dare ce. Ita ce dai wadda Rafi ya rera a Baiju Bawra cikin 'yan mintuna ya sa mutane hawaye. A bakin Pran Nath sai ka ji kamar ana buɗe ƙofofin wani tsohon gida ɗaya bayan ɗaya cikin duhu. Muryar tana da kaushi, ba ta da zaƙin ta Rafi ko kaɗan, farkon ji ma za ka ce tsoho ne ke gyaran murya. Ko da tabla ta shigo, tsakanin bugu da bugu sai ka kurɓi shayi.

Ina da wani kawu, tsohon ɗan silima ne na gaske, irin waɗanda suka haddace finafinan Dilip Kumar ba tare da sun iya Indiyanci ba. Da ya zo kwana gidanmu kwanakin baya, bayan an yi shirin barci, na haɗa wayata da 'yar lasifika na kunna masa na 1976 ban ce masa komai ba. Da farko ya tambaye ni ko wayar ce ta lalace. Can ya yi shiru. Can kuma na ji yana bin sautin da hanci a hankali, yana riga mawaƙin sauka kan matakin da zai sauka. Ya ɗago ya ce min shi fa ya san wannan, a wani tsohon fim ya taɓa jin ta, sunan ne ya ɓace masa. Na ce masa Baiju Bawra. Ya buga cinya, ya ce in mayar da ita farko. Cajina saura kashi 9, a haka muka saurara har wayar ta mutu.